Lemon Dubiya

Shekarata ta biyu a jami'a a Damagaram, aka tara mu wani zama kan ciwon sukari. Wata ɗaliba mai karatun likita ta ɗaga kwalbar lemo, ta zuba sukari daidai yawan wanda ke cikinta a faranti don mu gani. A lokacin Baba yana kwance a Tanout da wannan ciwon, da gyambo a ƙafa da ya ƙi warkewa.

Da hutu na iske shi ya bar sukari a shayi, kamar yadda lokotoro, wato likita, ya ce. Amma ga kwalabe jere a gindin gadonsa. A wajenmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma yanzu lemo ake yayi. Shi kuwa Baba, sai ya buɗe ya sha a gaban wanda ya kawo, wai kada mutum ya koma gida da ƙaramin rai.

Na yi bayani har bakina ya gaji. Ya ce boko ya sa ni rashin kunya, shi bai taɓa mayar da hannun kyauta baya ba. Na ɓoye kwalaben a rumbu, Inna ta fito da su. Da na ji sallama a ƙofa sai in leƙa hannun mai shigowa. Ƙafar kuwa kullum ƙara kumbura take, lokotoro har ya fara zancen yankewa.

Sai na sake dabara. Baƙo na miƙa lemo, in yi wuf in karɓa in shanye, in sa albarka. Wata rana sai na sha huɗu, biyar. Ana ta yi mini tsiya, wai ɗan jami'a ya dawo da kwaɗayi.

Ranar wata kasuwa wani dattijo abokin Baba ya zo daga Tarka da kwalba a aljihu. Na miƙa hannu, Baba ya riƙe mini wuyan hannu gam.

"Ciwon nan shi ya kashe kakanka," ya ce a hankali. "Jinin gidanmu ne. Ni na riga na kamu."

Ya ɗaga kwalbar ya shanye tas, ina tsaye ina kallo.