Allurar da Ta Soki Adda

Adda ita ce babbar yayata, ita ta raine ni bayan rasuwar innarmu. Lokacin da na fara koyarwa a wata firamare a Gwandu, ita tana Kalgo tana aikin shara a wani ƙaramin ɗakin shan magani. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, da wannan aikin suke ci.

Da farko sirinjin gilashi ake amfani da shi. Malamin asibitin da kansa yake dafa allurai a kan risho, Adda ba ta ko taɓa su. Daga baya aka kawo na roba, wanda ake yi sau ɗaya a yar. Kowa ya yi murna, amma ba wanda ya faɗi inda za a riƙa zuba su. Kwando ɗaya ne a gindin tebur, auduga da fasassun kwalabe da allurai duk a ciki. Da la'asar Adda kan juye a buhu, ta kai rami bayan katanga, ta yayyafa kananzir ta cinna wuta.

Wata Asabar da damina na je mata ziyara, na tarar da tafin hannunta ɗaure da tsumma.

"Adda, mi ya same ki?"

"Allura ta huda buhu. Hadari ya taso, na rungumo buhun da sauri, sai na ji ta shige."

"Wa aka yi wa ita?"

Ta ɗan yi murmushi. "Wa zai sani? Ranar kasuwa ce, mutane sun cika wurin."

Ta ce ta wanke da sabulu, malam ya shafa mata aidin. Cikin mako guda wurin ya warke, muka manta.

Bayan an yanke shinkafa wani direba ya kawo mini saƙo cewa Adda tana kwance. Na iske idanunta sun yi ɗorawa, ko ƙamshin miya ba ta so. Maƙwabta suka ce shawara ce, aka yi ta jiƙa mata saiwoyi. Da abin ya ƙi, na kai ta Birnin Kebbi. Likita ya ce ciwon hanta ne, irin wanda ake ɗauka ta jini. Ya tambaya ko an taɓa yi mata ƙarin jini, na ce a'a, sannan na ba shi labarin allurar.

"Zai yiwu," ya ce. "Amma ba zan iya rantsuwa ba."

Ta samu sauƙi ta koma bakin aiki, don ba ta da wani. Ƙarfinta dai bai dawo ba. Shekaru kaɗan bayan haka cikinta ya fara kumbura, ƙafafu suka bi. Ta rasu wata Laraba da hantsi, kanta a kan cinyata.

Bayan addu'ar bakwai na je ɗakin shan maganin ɗauko butarta da tabarmar sallarta. Na tarar an ɗauki wata mata a gurbinta, tana tura shara cikin buhu da hannu. Na riƙe mata hannun na gaya mata komai. Sannan na roƙi malam ya ajiye jarka mai ƙaramin baki kusa da shi, wanda ya yi allura ya jefa ta ciki nan take, in ta kusa cika a toshe a binne a rami mai zurfi. Bai ɗago kai ba, ya ce zai yi. An gaya mini ya yi.

Na tafi da 'yar Adda Gwandu. A cikin mota ta tambaye ni abin da ya kashe uwarta. Na ce ajali ne. Sai da ta girma na iya gaya mata sauran.