Hankakin Tsumma da Na Kai Gonar Dabino

Ladi ƙanwata, da ku duka mutanen gida, ni Gambo ce nake faɗa, maƙwabciyata Malama Rabi take rubutawa. Kun dame ni da tambaya ko na fara fita tun da na gama takabar Malam Idi. To na fita, ga yadda ta kasance.

Kun san Malam ya tsufa ne yana aiki a gonar dabinon wani Balarabe, Abu Fahad, can bayan garin Madina. Da ya rasu sai aka ɗora ɗanmu Bashir a wurin, amma na gwaji. Bana dabino na fara nuna hankaki suka sauko wa gonar, har Abu Fahad ya ce in aka yi asara zai nemo wani. Bashir kuwa da mata da 'ya'ya, ba shi da wata sana'a. Dabarar Malam ita ce ya jera hankakin ƙarya a fili, na gaske su gani su sauka, mai gona ya harbe su daga maɓoya. Waɗanda ya bari rana ta cinye su. Shi ne Bashir ya bugo waya ya roƙe ni in ɗinka masa wasu. Na zauna na ɗinka su da tsohuwar abaya, na cusa musu tsumma, na ce kuma da hannuna zan kai.

Daga Harra ta Yamma

Ana idar da sallar asuba Usmanu ya tsaya a ƙofar gida. Mutumin Nijar ne, yana da a-kori-kura, wanet suke ce mata a nan, yana kai wa gonaki taki. Ya so ya jefa buhuna a baya, na hana, na rungume abina a cinya. Ya ce, “Hajiya, zinariya ce a ciki?” Na ce masa abincin jikokina ne. Da motar ta tashi na waiwaya na ga ƙofar a rufe, babu mai tsayawa ya ce a dawo lafiya. Nan na fara kuka, Usmanu ya rage rediyo.

Ranuna

Mun bi ta wajen masallacin Kuba gari bai gama wayewa ba. A Ranuna ya tsaya ya sayo burodin tamis mai zafi da wake, ful ɗin nan nasu, da shayi. Na gutsura kaɗan na ajiye. Abin da ke cina shi ne ko ɗinkin zai yi. Ban taɓa ganin na Malam ba, a gona yake haɗa su, ni kuma ban taɓa taka gonar ba. Usmanu ya ce in kwantar da hankalina, tsuntsu ba tela ba ne da zai duba ɗinki.

Shingen 'yan sanda

Bayan mun wuce alamar iyakar Harami muka tarar da shinge. Na ciro iƙamata, wato takardar izinin zama, tana nan lafiya, Bashir ya sabunta mini. Wani askari ya karɓa ya duba, ya nuna buhun ya tambaya. Usmanu ya yi masa bayani da Larabci. Ya leƙa bakin buhun, ya ga baki da fukafukai na tsumma, ya yi murmushi ya ce, “Tafaddali ya Hajja,” wato in wuce. Daga nan babu gidaje kuma, sai baƙaƙen duwatsu hagu da dama. Muka bar kwalta muka shiga wata hanya mai tsakuwa, motar tana jijjiga ni har ƙashin bayana ya amsa. Wannan hanyar Malam ya yi ta bi duk shekarun nan, bai taɓa ce mini tana da wuya ba.

Gonar

Hantsi ya ɗaga muka isa. Bashir ya fito ya rame, ya durƙusa ya gaishe ni, rabi Hausa rabi Larabci kamar yadda ya saba. Ya nuna mini ƙarƙashin bishiyoyi, dabino a zube duk an tsattsage shi da baki. Ya ce Abu Fahad zai zo gobe da sassafe da bindigarsa, kuma goben nan ce za ta raba.

Na kwance buhu ina jiran ya yaba. Ya ɗauki guda ya juya shi. Can ya ce, “Umma, wannan farin na mene ne?”

Na ce, “Ƙirjinsa mana. Ka taɓa ganin hankaka ba farin ƙirji?”

Ya ɗaga hannu ya nuna mini saman wani dabino. Ladi, na ga tsuntsaye manya a jere, baƙi ƙirin tun daga baki har wutsiya, ko ɗigon fari babu. Ashe hankakan ƙasar nan ba irin namu ba ne. Ni wanda na sani shi ne na bayan gidanmu, mai farar riga a wuya, wanda yake sace mana 'yan tsaki. A cikin Madina kuwa tantabaru kawai nake gani. Duk wanda na ɗinka na sa masa farin ƙirji da farin wuya, na ma ƙawata shi.

Bashir ya ce a gwada hakanan, wataƙila su yarda. Da la'asar ya kai su wani fili kusa da rijiya. Ya soke kowanne a kan tsinken dabino, ya sa fuskarsu tana kallon inda iska ke fitowa, wasu kai a ƙasa kamar suna ci, ba a layi ba, a warwatse. Guda ya hau ya ɗaure a sama, ya ce wannan shi ne mai gadi, in babu shi ba sa amincewa. Ya watsa ruɓaɓɓen dabino a tsakani. Muka shiga wata bukka ta ganyen dabino, ya ce kada in motsa ko mayafina. Hankakin suka zo, suka yi shawagi a sama suna kuka, suka karkata suka tafi ƙarshen gona suka ci gaba da ɓarna. Ko ɗaya bai sauko ba.

Usmanu ya ce a farke farin kawai. Na ce ba zai yiwu ba, shi ne ya riƙe cikin, in aka cire tsumman zai zubo, kuma babu sauran baƙin ƙyalle. Bashir ya duba murhun da suke dafa shayi ya ce to a shafe shi da gawayi. Na ce a'a. Ya sake faɗa, na sake cewa a'a, har ya fara ɗaga murya da Larabci. Sai na gaya masa abin da ban yi niyyar faɗa ba. Na ce, “Jallabiyar ubanka ce, wadda yake zuwa Juma'a da ita. Na yanka ne don wani abu nasa ya dawo gonar.”

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Da ya ɗago sai ya ce, “Halas, shi ke nan Umma, a bar su. Allah ne mai bayarwa.”

Da na ji haka na dubi wuyansa yadda ya zama siriri, na ce ya miƙo mini turmi. Ni na daka gawayin, na kwaɓa da ɗan ruwa da baƙin gindin tukunya. Ban bar kowa ya taɓa ba. Ina shafawa ina kuka, ɗaya bayan ɗaya, har farin ya ɓace. Muka shanya su kafin magariba. A ɗakin Malam na kwana, buzunsa na salla yana nan rataye a ƙusa.

Washegari

Bashir ya jera su tun kafin tsuntsaye su tashi. Abu Fahad ya iso, dattijo ne mai furfura, ya yi mini ta'aziyya ya shiga bukka da Bashir. Ni na zauna a bakin ɗaki da carbi, daga nan ina hango filin. Rana ta fito, babu komai. Sai ga guda ya zo ya zagaya, ya zagaya, ya sauka a gefe yana karkata kai yana duban ɗinkina. Ya yi tsalle ya matso ya ɗauki dabino. Sai sauran suka biyo shi. Da bindiga ta tashi na toshe kunnuwana, ban kalla ba, don ni ba na son ganin ran kowa yana fita yanzu. Waɗanda suka tsira suka bar gonar gaba ɗaya suka nufi duwatsu.

Abu Fahad ya fito yana ta magana, ban gane rabi ba. Bashir ya fassara mini, wai ce masa ya yi ya zauna ya ci gaba da aiki, kuma ya gyara ɗakin ya kawo iyalinsa in an gama girbin dabino. Abu Fahad ya sa aka ɗora mini kwali guda na sabon nunan a mota.

Komawa gida

Bashir ya tambaye ni ko in tafi da guda ɗaya in ajiye. Na ce ya bar su duka, a nan aikinsu yake. Muka kamo hanya bayan azahar, shingen ma an ɗauke shi, muka shigo gari ana kiran la'asar. Malama Rabi ta tare ni a ƙofa ta ga hannuwana, ta ce ko lalle na yi. Har yau da take rubutun nan baƙin bai gama fita daga farcena ba.

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, na gode wa Usmanu da ya yi haƙuri da kukan tsohuwa. Ladi, ki gaishe da kowa da kowa. In kun ga hankaka a bayan gida, ku yi wa Malam addu'a.