Jan Ɗigo a Gurbin Kawu Manthos

Sun yaudari tsohon nan, sun tona wa duniya gurbin kifinsa. Bara wasu masu bincike suka zo tsibirinmu, suka ce kowane masunci ya nuna inda yake kamu a manhajar taswira. Shi kuwa ya dangwala yatsa a gurbin da kakansa ya bar masa, wanda ko ɗansa bai gaya wa ba tukuna. Taswira na fita da jan ɗigo a kan gurbin, manyan jirage masu jan koma suka share wurin tas.

Ga shi yau a ƙofar ofishin masu binciken, gajere mai kaurin wuya, gishirin teku ya tsattsaga masa hannuwa. Yana maka wani kifin teku mai hannu takwas a kan matakala, yadda muke yi don ya yi laushi. Wannan ya daɗe da dagargajewa, namansa na fallatsa har taga.

"Kawu Manthos, jan ɗigo ne kawai fa," in ji wani ma'aikaci daga ciki.

"Fito, ɗan nan, in ɗiga maka ɗaya a goshi."

Ku da kuka zana taswirar, ku goge ɗigon nan yau, sannan ku fito ku gaya masa inda zai jefa ƙugiyarsa gobe.