Hular da Na Saƙa Sau Biyu

Hannuna ba ya iya zama haka nan. Tun ina firamare Yaya ta lura ina yagar gefen littafina ina murzawa, sai ta zaro tsinke biyu daga tsintsiya, ta kankare su da reza, ta koya mini saƙa. Daga baya na koyi ɗinkin hannu da yi wa rigar matashi fulawa, aka kuma sayo mini kibiyoyin saƙa na ƙarfe. Ba ni da yawan magana. In an yi baƙi nakan samu gefen rumfa in zauna da ulu a cinya, idona a ƙasa, kunnena yana wajen kowa.

Bara da damina Yaya ta dawo gida Mafara daga Dakko, inda take aure, don goyon ciki. Haihuwar fari ce, a gaban iyaye ake yinta. Ta shigo da ƙafafu a kumbure tana dafa bango, amma babu wanda ya ambaci cikin. Inna ko kallonta sosai ba ta yi, saboda kunyar 'yar fari. Sai dai ta ce da ni, "Kai ma waccan ruwa." An kuma ɗauko Kaka, mahaifiyar Baba, daga Tsibiri don ta kula da ita.

Ina da dunƙulen ulu uku masu ruwan ƙwai, waɗanda Baba ya sayo mini wata Talata a kasuwa. Na ƙudurta zan yi hula da safa da rigar sanyi. Ban iya guɗa ba, ban iya tarbar baƙi da hira ba. Abin da nake so shi ne ranar suna, in ana miƙa jaririn daga hannu zuwa hannu, ya zama akwai aikina a jikinsa.

Da hular na fara. Mako biyu na yi ina yinta a bayan rumbu, a hankali, ina ƙirga idon saƙar a kowane zagaye. Ta fito lumui, da ɗan tuntu a sama. Ina cikin datse tuntun sai inuwa ta rufe ni.

"Ke 'yar tsinke, mi ne wanga?"

"Hula ce, Kaka."

"Hular wa? Mage ta yi oda?"

Na miƙa mata. Ta karɓa, ta sa dunƙulen hannunta a ciki, ta jujjuya.

"Wanda kika yi ma ita, kin gane shi? Kin ji kukanai? Allah bai sauke ɗiyar nan ba tukuna, ke har kin auna kai. Gidanmu ba a yin haka. Warware ta."

"Kaka, zan ɓoye."

"Na riga na gani. Warware, ina tsaye."

Na cire tuntun, na nemo bakin zaren, na ja. Aikin mako biyu bai kai tsawon dahuwar shayi ba ya ƙare. Zaren ya zubo a cinyata duk ya nannaɗe kamar taliya. Kaka ba ta tafi ba sai da ta ga na mayar da shi dunƙule.

Da yamma Yaya ta kira ni ɗaki, ta ɗaga atamfofin akwatinta. A ƙasa akwai tawul da 'yan riguna da duk abin da aka rubuta mata a asibiti ta tanada.

"Kin gani? Ni ma ga nawa nan. Ke ce ba ki iya ɓoyo ba," in ji ta, tana dariya tana riƙe ƙugu. "Kada ki sake, ba ni son ranta ya ɓaci. In anka sauka lafiya kina da kwana bakwai."

Mako uku muka ƙara jira. Na ɗinke aljihun Baba, na ɗinke wanda bai yage ba. Na ƙara wa matashin Inna ganye a jikin fulawar da tuni take da ganye. In Yaya ta yi nishi sai in ɗaga kai, in ta ce ƙwannafi ne sai in koma. Ulun yana cikin wani tsohon kwano a saman kabad, kullum sai na ɗaga murfin na duba, ban san me nake dubawa ba.

Ranar wata Laraba da hantsi ta haihu, namiji, ƙato, da suma baƙa ƙirin har tana kwanciya a kunnensa. Kaka da kanta ta sauko da kwanon ta dire mini.

"To, ga shi ya iso. Yi ta abinki."

Sai dai kwana bakwan da Yaya ta ce ba nawa ba ne. Ruwan wankan jego safe da yamma, ni ce mai ɗebowa. Itace ya jiƙe da ruwan sama, ni ce mai fifita. 'Yan barka suna shigowa rukuni-rukuni, daga Morai, daga Maradun, kowacce sai an shimfiɗa mata tabarma, an gaisa tun daga gajiya har zuwa ya ruwa, ya shuka. Ga jarrabawar ƙarshen zango za a fara ranar Litinin.

Na yi kuskure na fara da rigar, don ita ce babba. Layi biyu, a kira ni. Layi uku, a ce kunun kanwa zai kama. Nakan ajiye saƙar a kan turmi in dawo in tarar ido biyu sun zame. Ranar Lahadi da la'asar na shimfiɗa abin da na yi a kan gado: baya, da gaba rabi, babu hannu ko ɗaya. Na tsaya ina lissafin kwanaki da yatsu, na sake lissafawa. Ba za ta ƙare ba. Na zare kibiyoyin daga rigar, na ratsa zare a idanun don kada su warware, na koma kan hula.

Litinin na tafi da ita makaranta a ƙarƙashin hijabi. Muna zaune muna jiran a raba takarda, hannuna yana ta aiki a ciki, ina ƙirge a zuci. Ban ji takun malama ba. Ta ɗaga gefen hijabin, ta ga ƙarfe biyu masu tsini a cikin aji mai cunkoso. Ta zare su, ta bar mini ulun.

"Ki zo ki amsa in an gama jarrabawa."

Sai Juma'a za a gama. Da wata ce da ta bi ta ofis ta roƙa, ta ce ɗan yayata ne, jibi suna. Na je har bakin ƙofar, na ji muryoyin malamai suna dariya a ciki, na juyo.

A gida na zaro tsinke biyu daga sabuwar tsintsiyar Inna, na kankare su yadda Yaya ta koya mini. Na sake ɗora saƙar daga farko, ido nawa na sa a hular farko, shi na sa. Tsinken yana lanƙwasa, yana kama zaren, ɗaya ya karye na sake wani. Na yi saƙa a tsaye ina jiran ruwa ya tafasa, na yi ina tafiya, na yi da littafin lissafi a buɗe a gabana wanda ban karanta komai a ciki ba. Yatsana ya yi ja, ya yi kanta.

Talata bayan la'asar na ɗaure tuntun. Na faki ido baƙi sun ragu, na shiga ɗakin. Yaya tana kan gado, Kaka tana gasa wa jaririn cibi. Na miƙa wa Yaya hular.

Yaya ta ɗora masa. Hular ta tsaya a tsakiyar kai, ta ƙi sauka. Ta ja gefe ɗaya, ɗayan ya ɗage. Sumar ta fito ta ko'ina. Ya yamutsa fuska, ya buɗe baki, ya fara tsala kuka.

A nan na gane. Tsinken tsintsiya bai kai kibiya kauri ba, ga shi na yi ta matse zaren saboda sauri. Ƙirgen daidai yake, amma kowane ido ya tsuke.

"Ba komai, ƙanwata," in ji Yaya. "Kya yi mai wata."

Na karɓa, na juya cikinta ina neman inda na ɗaure bakin zaren. Na san babu lokacin wata, amma hannuna ya riga ya fara.

"Aje ta," in ji Kaka.

"Ta yi kaɗan, Kaka."

"Na ce aje. Wanccan karon na ce ki warware kin tsaya gardama, yanzu na ce ki bari kin hau warwara. Wanzami ya zo ne? Bani nan."

Ta fizge hular ta soke a ƙugun zaninta. Ban yarda da ita ba. Ko an yi masa askin suna, gashin jariri nawa yake?

Laraba da sassafe 'yan Dakko suka iso da rago, ƙafafunsu duk laka. Ina jin maza suna taruwa a ƙofar gida don raɗin suna, ni kuwa ina ɗaura takalmin makaranta, don akwai takarda biyu a ranar. A zaure na wuce wanzami yana zaune da zabirarsa yana wasa aska. Duk tsawon jarrabawar ƙafata tana kaɗawa a ƙarƙashin benci har ta kusa da ni ta zungure ni. Na amsa tambaya ta huɗu sau biyu, na tsallake ta biyar.

Da azahar na dawo, tsakar gida ta cika da mata, hayaƙi da ƙamshin turare da ƙarar faranti. A kan tabarma na hango kwalin kayan sanyi na kanti, farare, wanda dangin mijin Yaya suka kawo, an buɗe shi. Na raɓe jikin bango ina bin hannaye da ido. Na fara ganin farar safa, sannan farar riga. Matar da ke riƙe da jaririn ta juya, sai ga ruwan ƙwai a kansa. Hular ta sauka har ta rufe saman kunnuwa, ta kama kan da aka aske tas, kamar a kansa aka saƙa ta.

"Ina hular cikin kwalinmu?" in ji wata gwaggon mijin Yaya. "Raba ta anka yi da sauran kayan?"

"Taku ta haɗiye shi har hanci," in ji Kaka. "Ko ta angon ce kunka ɗauko? Wagga ɗiyata ta yi ta, da tsinken tsintsiya. Ga ta can tana cin bango."

Kai kusan ashirin suka juyo lokaci ɗaya. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce in matso ta ga hannun. Na ce zan duba wuta, na shige madafa, ko jakar makaranta ban cire ba. Daga can nake leƙe ta tsagar ƙyaure, ina ganin tuntun yana yawo daga kafaɗa zuwa kafaɗa.

Kwana tara hular ta yi a kansa. A na goma Yaya ta ga ta fara yi masa zane a goshi, ta cire. Rigar kuwa sai bayan sun koma Dakko na gama ta, a lokacin ko hannunsa ɗaya ba zai shiga ba. Tana nan. Wani lokaci in ce zan ajiye ta, wani lokaci in ɗauko in fara neman bakin zaren.