Kwamfutar Yaya Auwalu ta ƙi ba ni hanya

Jiya bayan azahar ina zaune a zaurenmu, a ƙauye kusa da Ɗanbatta, ina fama da kwamfutar marigayi yayana Auwalu. Linux ya sa mata, kuma ya yi wa tamina, wato baƙin allon da ake rubuta wa kwamfuta umarni, gyare-gyare irin nasa. Da na buɗe baƙin allon nan, kafin in rubuta komai sai ya fito da tambaya: “Inna ta sha maganinta?” Daga nan ya tsaya cak.

Na san aikin Yaya ne, don shi ke kula da hawan jinin mahaifiyarmu kafin ya rasu bara. Na shiga fayil ɗin saitin tamina mai suna .bashrc, na ga layin da ke fito da tambayar, na goge shi. Na rufe na sake buɗewa, sai ga tambayar ta dawo. Na duba wani fayil ɗin, .profile, babu komai. Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi, ga rana tsaka.

Ana haka Inna ta shigo da tiren gero.

“Me ya same ka kake zare ido?”

Na karanta mata. Ta ajiye tiren a hankali.

“To ka ce masa ban sha ba. Tun da ya yi tsada na daina, ban faɗa wa kowa ba.”

Na rufe kwamfutar na hau babur zuwa kemis.

Har yanzu ban gano inda tambayar take fitowa ba. Masana Linux, ina kuma zan duba? Ko in bar ta kawai?