Hannun Tela, Kunnen Mai Agogo

Mai Agogo ya ƙare ƙuruciyarsa a wani ɗan shago da ko miƙa ba ta yiwuwa a cikinsa, gilashi maƙale a ido ɗaya, yana tonon hanjin agogon mutane. Ga son zance kamar ya ci bakin aku. Ka kai masa agogo canjin batir, kafin ka fito ya san sunan kakarka da ciwon da ya kashe ta. Matarsa kuwa tela ce, magana a wurinta zare ce, inda ɗinki ya ƙare nan take datse ta. Yadda suka zauna har suka aurar da 'ya'ya, Allah kaɗai ya sani.

Ciwon rawar jiki ne ya fitar da shi daga shagon. Hannun da ke kama ƙusa ƙarama kamar ƙwayar yashi ya koma ko cokali ya ɗauka sai rigarsa ta sha rabi. Babban ɗansu da ke aiki a nesa bai zo ba, ya dai aiko da na'urar wasan bidiyo. Gaisuwar 'ya'yan zamani ke nan.

Wasan irin wanda kake zama wani mutum ne: ka yi tafiya, ka yi zance da jama'a, ka zaɓi amsar da za ka ba su, ka kuma yi faɗa. A wannan, kai soja ne da ya watsar da iyalinsa, ya dawo neman 'yarsa. Tsoho ya samu abin da yake so. Ba mai sayar da gishiri ko mai gadin gada da bai tsaya ya ji damuwarsa ba. Amma da an zaro takobi, sai yatsunsa su ci amanarsa, a kashe shi tun bai juya ba.

Tela ta gaji da jin tsakinsa, ta fizge abin dannawa ta ce ya kawo, ai babban yatsan da ya saba da almakashi ba zai ji tsoron ɗan fashi ba. Daga nan suka raba aiki: zance nasa, duka nata. Yana kiranta Sarkin Yaƙi, tana kiransa Malam Surutu. In ya tsaya nazarin amsa, sai ta tafi ta kafa wuyan riga ta dawo, ta tarar bai zaɓa ba. Ya kan ce mata kowace amsa tana canja ƙarshen labarin, ita kuma ta ce a dai nuna mata wanda za ta sara.

Ana haka ciwo ya ci ƙarfinsa. Haɗiya ta yi wuya, murya ta shaƙe, likita ya fara magana da Tela a bakin ƙofa maimakon a gabansa. Abu ɗaya ya rage masa buri: ya ji abin da yarinyar za ta ce wa ubanta. Tsakaninsu da ita saura ƙaton mayaƙi guda, shi kuwa ya yi ta niƙa Tela har yatsanta ya kumbura.

Wata la'asar, magani ya sa shi gyangyaɗi a doguwar kujera, ta kayar da ƙaton. Sai dai yatsan bai san an gama ba. Madannin sara shi ne madannin tsallake zance, ita kuwa tana ta kirɓarsa, haƙora a cije. Fuskar yarinya ta bayyana, baki ya motsa, ta wuce. Wata amsa ta zaɓu da kanta. Kafin Tela ta janye hannu, kiɗa ya tashi, wasa ya rufe labarin ya koma farko.

Kiɗan ne ya tashe shi. Ya daɗe yana kallon talabijin, sannan ya ce, “Sarkin Yaƙi, ta yafe masa?”

Ƙarya na bakinta, ta haɗiye. “Maigida, ban gani ba. Hannuna ne.”

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ɗansu ya ce a waya ai ƙarshen na nan a intanet, a buɗe masa mana. Tsoho ya girgiza kai, ya ce waccan 'yar wani uban ce, wanda bai ba da irin amsoshin da shi ya zaɓa ba.

Tela ta rufe keken ɗinki da zane, suka faro daga fari. Yanzu ita ke karanta masa zancen da ƙarfi, muryarta kamar mai karanta sammaci, shi kuma ya ɗaga yatsa in ta zo kan amsar da yake so. Ba su yi nisa ba. Sun kai bakin wani kogi aka kai shi asibiti, bai dawo ba.

Bayan an watse daga zaman makoki ta kunna na'urar. Mai kwalekwalen bakin kogin na tsaye inda suka bar shi, yana tambayar soja me ya raba shi da gida. Amsoshi na jere a ƙasa. Ta karanta su da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ta kasa zaɓa.