Takarda ba ta jin ciwo

Mun bi jinin barewar da na harba cikin daji a wajen garin Greensboro har ya ɓace mana. Ba mu same ta ba.

Ni nake haɗa harsasaina a gareji. Na gwada iri biyu daga nesa a kan takardar gwajin harbi: na gasa yana faɗawa waje guda, na farauta yana ɗan warwatsuwa amma yana kayar da dabba nan take. Na gasar na ɗauka zuwa farautar.

Na ce wa Malam Isa, tsohon maharbin da muke fita tare, "Malam, wallahi shi ya fi kyau a takarda."

Ya ce, "Takarda ba ta jin ciwo, ɗana."

Da bismillah fa na harbe ta. Maharba, ya ake sauke wannan nauyin?